Wanda Ya Ce Mun Cika

Wani makiyayin lama, ƙananan raƙuman nan namu marasa tozo, shi ne ya kawo labarin ofishin 'yan sanda na Uyuni da hantsi. Ya ce akwai gawar Bature a gefen hanyar Potosí, a bayan wani dutse.

Sufeto Rosendo Aruquipa ya isa wurin rana ta take. Babu jini, babu rauni, babu alamar kokawa. Saurayi ne dogo, ya dunƙule kamar jariri, daga shi sai 'yar riga mai gajeren hannu da silifas. A kan wannan tudun namu, a watan Yuli, lokacin da ruwa ke daskarewa a bokiti! Ba sai likita ya faɗi abin da ya kashe shi ba.

A aljihunsa aka sami tikitin kaya na safar da ta taso daga Sucre jiya.

"Barinsa aka yi," in ji sufeto. Ya cire hularsa ya daɗe a tsaye.

Kafin ya dawo gari, masu motar sun riga sun kai direbansu bayan kanta, don su wanke kansu. Direban, wanda ake kira Don Hilarión Yucra, dattijo ne mai tari, ya tsufa a kan wannan hanya. Mai gabatar da ƙara ya ce da zarar an sami hali za a kai shi kurkukun Potosí, a tuhume shi da kisa ta hanyar sakaci. Duk wanda ya ji tarin nan ya san ba zai ga ƙarshen hunturu a can ba.

Mu a nan ba a ƙirga fasinja. In an tsaya a zaga, direba waiwayowa yake ya ɗaga murya: kowa maƙwabcinsa na nan? Wanda ya ga kujerar gefensa wayam sai ya kwarma ihu, motar duka ta ɗauka. Haka muka taso muka gani, kuma ba a cika barin kowa ba.

"Ka tambaya, Baba?" in ji sufeto.

"Yallaɓai, na tambaya. Har na maimaita, don magariba ta kawo jiki, ba na ganin baya sosai."

"Wa ya amsa?"

"Wata murya daga baya. 'Mun cika, direba, mu tafi.'"

"Muryar wa?"

"Da na sani ai da ba ni ne a nan ba."

"To ko an bar mutum, ba motar baya ke kwaso shi ba?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Babu motar baya, yallaɓai. 'Yan haƙar ma'adinai sun tare hanya a bakin Potosí. Ina fita suna jera duwatsu a bayana. Ni ne na ƙarshe."

A tasha, jakar goyo guda ce ta rage a ma'ajiyar kayan motar. A ciki akwai fasfo mai suna Jannik, Bajamushe, da littattafan wata makarantar koyon Sifaniyanci da ke Sucre. Sufeto ya kira lambar makarantar. Malamar Jannik, Ximena Arancibia, ta yi kuka mai isarta kafin ta iya magana.

"Wata guda ya yi a ajina, amma harshen ya ƙi zama a bakinsa. Ko burodi zai saya sai Bastien ya yi masa magana."

"Wane ne Bastien?"

"Bafaranshe. A wani masauki suka haɗu a Peru, tun daga nan suke tare. Gado ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Shi kam kansa na ja, har barkwanci yake da 'yan kasuwa."

"Tare suka tafi?"

"Kujera ɗaya. Shi ya sa hankalina ya kwanta. Ni da bakina na koya musu, yallaɓai. Darasi guda nake warewa a kan shiga mota. Nakan ce musu, ku riƙe maƙwabcinku da kyau, shi ne zai yi muku ihu in an manta da ku."

"Bastien yana ajin ranar?"

"Shi ya fi kowa dariya. Har ya tashi ya kwaikwayi direba."

Sufeto ya sami Bastien a tsakar gidan wani masaukin matafiya da ke bayan tashar jirgin ƙasa, yana shan rana da wata budurwa 'yar Ajantina. Da ya ji labarin, ya zabura ya miƙe tsaye. Wannan kam ba wasan kwaikwayo ba ne, sufeto ya gani.

"Yaushe rabonka da shi?"

"A Potosí. Ya ce zai sauka ya ga ramukan azurfa."

"Ya bar jakarsa?"

"Haka yake, komai sai ya manta. Ni barci na yi, ban farka ba sai a nan."

"Ba ka ji direba yana tambaya ba?"

"Ban ji komai ba, yallaɓai."

Sifaniyancinsa ras, ko tuntuɓe babu. Budurwar ta ce gobe da safe za su bi motar jif su ratsa filin gishiri zuwa Chile. Sufeto ya yi musu fatan alheri, ya fita yana cizon leɓe.

Gwamnati ba ta san fasinjojin mota ba, amma kasuwa ta san su. Tambaya kaɗan ya yi aka nuna masa Doña Basilia mai sayar da busasshen dankali, wadda ta zauna a kujerar da ke daura da ta Turawan.

"Inna, dogon Baturen nan, a Potosí ya sauka?"

"Wane Potosí? Bayan Potosí na ba shi gasasshiyar masara. Ya ce min na gode sau nawa, ita kaɗai ya iya, bawan Allah."

"Da aka tsaya a hanya fa?"

"Ya sauka a guje yana riƙe da ciki. Ruwanmu ba ya yi musu. Ya yi nisa, kunya yake ji, su ba sa tsugunawa kusa da mutane."

"Kin ga dawowarsa?"

Ta goge hannu a zaninta. "Na ga bargo a kujerarsa, ya yi tudu kamar mutum. Na ce wa gajeren, abokinka fa? Ya ɗora yatsa a baki, ya ce yana barci."

"Wa ya ce wa direba an cika?"

"Kaina na ƙasa ina gyara ƙulli, ban gani ba. Yallaɓai, ni ma uwa ce. Me ya hana ni ɗaga bargon nan?"

Sufeto ya yi mata sallama. Ya koma masaukin, wannan karon ta ƙofar kicin, wurin mai gidan.

"Bafaranshen nan, gado nawa ya kama?"

"Biyu. Ɗaya nasa, ɗaya na abokinsa."

"Wane aboki?"

"Wanda mota ta bari a hanya mana. Ya ce yana tafe a motar baya. Na ce masa wace motar baya, hanya a tare take? Sai ya yi tsuru-tsuru, ya ce ai za a buɗe. Ga ma kayan da ya bar masa."

Mai gidan ya jawo wata jar rigar sanyi daga ƙarƙashin tebur, da ƙaramar jaka. Wayar Jannik na cikin aljihun rigar.

Washegari da safe jif na tsaye ana ɗaura jakunkuna a samansa. Sufeto ya zo da kofur guda, ya shimfiɗa rigar a kan murfin injin.

"Ka ce a Potosí ya sauka."

Bastien ya kalli rigar, ya kau da kai.

"Wanda ya sauka a Potosí ba a kama masa gado a Uyuni. Kuma tun shekaranjiya aka gaya maka babu motar baya. Ofishinmu yana nan kan kwana. Me ya hana ka zuwa?"

"Na yi tsammani wani zai ɗauke shi. Babbar mota, ko wani..."

"Wa ya amsa wa direba?"

Bastien ya zauna a bakin titi. Budurwar ta ja da baya.

"Ni ne."

"Me ya yi maka?"

"Babu. Wallahi babu abin da ya yi min." Hawaye suka zubo masa. "Ya manne min ne. Duk inda na sa ƙafa yana baya. Ni zan sayo tikiti, ni zan nemi ɗaki, ni zan gaya wa mai magani cikinsa na ciwo. Na baro gida don in yi tafiyata ni kaɗai, sai na koma mai raino. Na so in wuce Chile da ita, ba tare da shi ba."

"Sai ka gaya masa."

"Na kasa. In ya kalle ni sai in kasa. Na ce bari mota ta bar shi, ya zo a ta baya, ya yi fushi, mu rabu. Kowa a masauki yana da labarin yadda mota ta taɓa barinsa, ana dariya. Ban san sanyin nan yana kisa ba."

"Da rigarsa ka yi tudun nan a ƙarƙashin bargo."

Bastien ya rufe fuskarsa. Kofur ya ɗaga shi ya sa masa ankwa.

A ofis aka buɗe ɗakin tsarewa. Don Hilarión ya fito a hankali, rungume da bargon da matarsa ta kawo masa. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis.

"Ga mai muryar, Baba," in ji sufeto. "Kai kam ka tafi gida, ba ka da laifi."

Dattijon ya daɗe yana kallon saurayin.

"Ɗana, da ka yi shiru ma, da na taso na duba da kaina." Ya juya ga sufeto. "Doka ta sake ni, yallaɓai, na gode. Amma ni na ja motar."

Ya ɗora bargon a kan hannuwan da ke cikin ankwa.

"Riƙe. Akwai sanyi a ciki."

Kofur ya tura Bastien ɗakin, ya ja ƙofa.