Kabari a Hurumin Bareyi

Alhazai sun watse daga Makka, amma gajiyar Hajjin 1952 ba ta saki Sufeto Hashimu ba. Yana zaune a ofishin 'yan sanda na Jarwal yana matsa kumburarriyar ƙafarsa, askari ya shigo da wata mata. Duk ƙarar da ta zo da Hausa shi ake tura wa, don jikan Kanawa ne da suka zo Hajji suka zauna.

Sunanta Rumasa'u. Mijinta Dawuda da ƙanenta Yunus sun bi motar wani direba, Sabo, zuwa ƙauyukan masunta sarin busasshen kifi. Mutum biyu suka dawo, babu Dawuda.

"Sun ce jirgin masunta ne ya kife da shi a garin Lis," in ji ta. "Yallaɓai, tun da Dawuda ya ƙetaro teku daga Sawakin ta Sudan yana yaro ya rantse shi da jirgin ruwa har abada."

Hashimu ya sa aka kawo Sabo da Yunus, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Bakinsu ya zo ɗaya har ya yi yawa, kamar masu biya hadda.

"Kun tafi da bindiga?"

"Wallahi ko wuƙar kirki babu," in ji Sabo.

Hashimu ya dubi ƙafarsa, ya yi ajiyar zuciya. "Tayyib. Ku zuba mai. Hanyar da kuka bi za mu bi."

Suka tafi tare da askarin. Hanyar ba hanya ba ce, sawun taya ne cikin yashi. Motar ta kafe, aka tura, ta sake kafewa. Da Sabo ya fara gyangyaɗi, Hashimu ya ce Yunus ya karɓe shi.

"Ban taɓa riƙe sitiyari ba, Yallaɓai," in ji Yunus.

A Shu'aiba suka tarar da rumfunan kaba, kifi shanye a igiya, ƙuda ya rufe shi. Masunta sun tuna baƙin.

"Su uku ne. Ɗaya ko kusa da jirage bai zo ba. Akwai doguwar bindiga a bayan kujera, har suka ce za su kawo mana nama."

Hashimu ya juyo. Sabo ya ce, "Mantawa na yi. Tsohuwa ce, ta korar kuraye."

Suka bi gaɓar teku suka yi kudu, iska mai gishiri tana manne wa fata, ƙauye yana bin ƙauye. A Lis shugaban masunta ya yi mamakin tambayar.

"Jirgi ya kife? Ba a nan ba. Su biyu suka zo, suka ba mu naman barewa muka ba su kifi."

"Ina ake samun barewa a nan?"

Mutumin ya ɓata fuska. "Sai a hima. Kun wuce ta. Hurumi ne, dattawan ƙabila sun hana farauta da sare itace a cikinsa tun kakanni. Da na san daga can ne, ba zan taɓa naman ba."

Suka juya. Hurumin fili ne na bagaruwar jeji da ciyawa, bareyi suna kiwo ba sa ko gudun mutum. Ƙasar wurin mai gishiri ce, ta riƙe sawun mota kamar jiya aka bi. Hashimu ya bi sawun da ƙafa yana ɗingishi. Ya tsinci kwanson harsashi, can gaba ya tsinci wani. Bayan wani tudu ya ga tarin duwatsu.

Askari ya tone. Dawuda ne, harsashi a ƙirji.

"Sabo ne!" Yunus ya yi ihu. "Bindigarsa ce!"

Hashimu ya zauna kan dutse, ya share gumi. "Bindigarsa ce, na yarda. Amma dubi sawun nan. Inda kwansayen suka faɗi motar gudu take, tana karkacewa tana bin dabba. Wani yana tuƙi, wani yana harbi daga baya. Kai ka ce mini ba ka iya tuƙi ba."

Sabo ya durƙusa yana kuka. Yunus ya kalli ramin, ya buɗe baki.

"Mun kashe ɗaya. Yaya Dawuda ya ce haram ne, wurin amana ne. Ya sauka, ya ce zai kai mu gaban dattawa. Kullum haka yake mini, a gaban kowa. Na ce wa Sabo ya ja mota. Sai ya shiga gabanmu yana kaɗa rawani yana korar bareyin. Na gan shi sarai. Raina ya ɓaci. Na harba."

Hashimu ya miƙe daga kan dutsen. Ya sa aka gyara kabarin, ya ja askari suka yi wa Dawuda salla, sannan aka sa wa mutanen biyu ankwa.

Da suka iso Makka, Rumasa'u tana zaune a ƙofar ofis. Ta ga ankwa a hannun ƙanenta, ta miƙe a hankali.

"Yaya," in ji Yunus.

Ba ta dube shi ba. Askari ya wuce da shi ciki.

"Hajiya," in ji Hashimu, "alƙali zai kira magada. Kina cikinsu. Zai tambaya ko jini, ko diyya, ko yafewa."

"Ni na goya shi," ta ce. "Uwarmu ta rasu a hanyar Sudan, ni na iso da shi a bayana."

Ta gyara mayafinta.

"An yi wa Dawuda salla?"

"Ni na yi masa."

"Jazakallahu," ta ce, ta juya ta bi hanyar Harami ita kaɗai.