Lakar da Ta Riƙe Baban Lucien

Ranar da Odile Verret ta fara hawa jirgin awon ƙasan teku a tashar jiragen ruwa ta Fourchon, mai sarrafa igiya ne ya ɗauki hankalinta. Lucien Cheramie, dogo, magana sai an matsa masa. Duk sanda zai saukar da ƙarfen awonta cikin teku, sai ya cire hula.

"Kai dogo, laka kake gaisarwa?" ta tsokane shi.

"Babana yana ƙasan nan."

Kunya kamar ta nutse. Shekara goma sha tara ke nan da dandamalin haƙar mai ya kife da mutum shida a wurin. Takardar awo ta ce ƙasar tana da ƙarfi, sai aka ɗora laifin a kan shugaban ma'aikata, mahaifin Lucien.

Da yamma ta tura saƙo: "Ka yafe mini, bakina ya riga hankalina."

"Na yafe, 'yar laka. Gobe ki zo da kofi biyu."

Daga kofi fa sai soyayya. Amma mahaifiyarsa Eulalie ta kafe. "Masu awo ne suka binne mini miji, suka binne sunansa. Kada ka kawo mini irinsu gida."

Abin ya tsaya wa Odile a rai. Ta tono tsohuwar takardar, ta bi ta layi-layi. Ashe masu awon wancan lokacin ciro lakar suka yi, suka bar ta kwana uku a rana kafin su auna, ta bushe ta yi tauri. Odile kuwa can ƙasan teku take murza ƙarfenta a cikin lakar. Sau tara Lucien ya saukar da shi a inda dandamalin ya kife, sau tara ƙarfen ya juya kamar a cikin man shanu.

Ta iske Eulalie tana ɓare jatan lande a baranda.

"Mama, ba laifin mijinki ba ne. Lakar ba ta iya ɗaukar komai, ita ta zame da su. Na rubuta, na sa hannu."

Tsohuwar ta ajiye jatan landen da ke hannunta.

"Taushi gare ta?"

"Ƙwarai, Mama."

"Shekarun nan duk, a kan dutse nake ganinsa kwance." Ta share ido da bayan hannu, ta turo mata kwano. "Zauna, 'yata, ki taya ni."

Watan Afrilu aka ɗaura auren a ƙaramin cocin bakin ruwa. Da limamin cocin ya tambayi sunan ango, Eulalie ta riga kowa, ta faɗi sunansa haɗe da sunan mahaifinsa a cike, da ƙarfi, har na bayan coci suka ji. Allah ya ba su zaman lafiya.