Ƙwai da Zoben Kaka

A wani zamani, an tura wata ɗaliba mai koyon aikin jinya wata makarantar ƙauye, domin ta koya wa yara abincin da ke gina jiki. Ta ce su ci wake, suka ce to. Ta ce su ci zogale, suka ce to. Ta ce su ci ƙwai, sai yara suka shiga kallon juna.

Wata ramammiyar yarinya mai suna Tabawa ta ce, "Malama, kakata ta ce yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama."

Ɗaliba ba ta yi dariya ba. Da aka tashi, sai ta bi Tabawa gida, ta durƙusa ta gai da tsohuwar, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Tsohuwa ta ce, "Ke kin ci ƙwai kina ƙarama?"

Ta ce, "Na ci, Kaka, kusan kullum."

Tsohuwa ta aiki Tabawa maƙwabta, ita kuma ta shiga ɗaki ɗebo ruwa, ta daɗe ba ta fito ba. Ɗaliba na zaune ita kaɗai, sai ta ga zoben azurfa a bakin tabarma. Da tsohuwa ta fito, ɗaliba ta miƙa mata, ta ce, "Kaka, ga zobenki ya faɗi."

Tsohuwa ta ce, "Ba faɗuwa ya yi ba, 'yar nan. Ni na ajiye shi."

Washegari Tabawa ta zo makaranta da dafaffen ƙwai biyu. Ta ce, "Kaka ta ce ɗaya nawa, ɗaya na Malama."