Sandar Farar Ƙasa a Bakin Baba

Ƙarfe goma na safe ne, ana ta yayyafi, lokacin da ta shigo asibitin haƙori riƙe da lema a kan mahaifinta. Shi kuwa yana fitowa daga ɗakin baya inda yake ƙera haƙora, hannunsa duk farar ƙasa. Kallo ɗaya ya yi mata, tiren da ke hannunsa ya karkace.

"Maƙeri, kayanka za su zube," ta ce tana danne dariya.

Sunan da ya bi shi ke nan. Ita malamar firamare ce. Babanta tsohon hedimasta ne, haɗarin mota ya kwashe masa haƙoran sama kaf, ba ya magana sai da hankici a baki. Likita ta dasa masa ƙusoshi shida a ƙashin muƙamuƙi, ta ce sai sun kama, bayan wata huɗu, a ɗaura jerin haƙora a kansu.

A wata huɗun nan, abin da ya kama ba ƙusoshi kaɗai ba ne.

"Malamata, yau na yi wa wata tsohuwa haƙora, ta yi murmushi, sai na ga bai kai rabin naki ba."

"Maƙerina, ka rage zaƙin baki, haƙoranka za su lalace. Wa zai ƙera maka?"

Da labarin soyayyarsu ya isa kunnen Baba, hankicin ma sai da ya faɗi.

"Mai kwaɓa farar ƙasa? Ni ban ce dole ba, amma albarkata tana wajen injiniya, ɗan abokina. Ranar da aka sa min haƙora zan karɓi iyayensa. Ba zan yi maganar aure da baki fayau ba."

Ita kuwa ba za ta yi aure ba albarkar uba ba. Maƙeri ya san haka, ya kuma san haƙoran nan a hannunsa za su fito.

Ranar awo, likita ta ɗaura 'yar sanda a kan kowace ƙusa, ta haɗe su da zare da danƙo, ta cika bakin da roba, ta bari ta daskare, ta zare. Aka kawo wa Maƙeri awon. Ya taɓa sandunan ɗaya bayan ɗaya. Ta shida ta motsa.

Ya sake taɓawa. Motsin bai fi silin gashi ba, amma ya san in aka ƙera a haka, haƙoran za su riƙa jan ƙusar har ƙashi ya sake ta.

"Likita, sai an sake awo."

"Ka san abin da mutane za su ce?"

Ai kuwa sun ce. Baba ya buga sanda a ƙasa: "Makirci ne! Yana so ya bar ni a haka don kada a yi maganar!" Wannan bai dami Maƙeri kamar saƙon Malama da ya shigo da yamma ba.

"Ban taɓa zaton za ka haɗa da lafiyar Baba ba. In don ni ka yi, wallahi ka rasa ni."

Ya karanta sau uku yana zaune, bakinsa a buɗe. Ya rubuta: "Ki rako shi jibi, ki gani da idonki." Bai ƙara komai ba.

Ya zuba wata siririyar sanda ta farar ƙasa mai ramuka shida, daidai da awon farko. Da suka zo ya ce, "Baba, wannan ba ta lanƙwasuwa. In awon daidai ne, za ta zauna lafiya. In ba daidai ba, za ta faɗa da kanta."

Likita ta ɗora sandar a kan ƙusoshin bakin Baba, ta ɗaure noti na farko, na biyu, har na biyar. Shiru. Ta taɓa na shida.

Ƙas!

Malama ta dafe ƙirji. "Innalillahi!" Likita ta ciro sandar gida biyu ta ɗora a tafin Baba. Tsoho ya zuba mata ido.

Aka sake awo, sabuwar sanda ta zauna ba ko tsagewa. Aikin mako uku ne, Maƙeri ya daina fita cin abincin rana, ya gama a kwana goma sha biyu.

Ranar da aka ɗaura haƙoran, Baba ya daɗe riƙe da madubi. Ya haɗa haƙoran, ya buɗe, ya kira sunan 'yarsa, sunan ya fito tar, karon farko cikin shekara guda. Sannan ya juyo.

"Kai yaro, ka san abin da na ce zan yi ranar da aka sa min su?"

"Na sani, Baba."

"Shi ne ka yi sauri?"

"Kun daɗe ba ku ci abinci da daɗi ba, Baba."

Tsoho ya kalli likita, ya kalli 'yarsa da ke share hawaye. "Ni dai ban taɓa ganin irin wannan wawan ba. Ka turo min manyanka ranar Asabar. Injiniya kuma ni zan je in ba ubansa haƙuri."

Maƙeri ya tsaya kamar an dasa shi, sai da likita ta zungure shi ya durƙusa.

Yana fita saƙo ya shigo: "Ka yafe min, Maƙerina." Ya amsa: "Ban riƙe ki ba, Malamata."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya dafa kansu su biyu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Aka amsa da amin, amarya tana kuka a kafaɗar ƙanwar babanta.

Can ana cikin hira, tsoho ya ɗauki kwalbar lemo ya nufi baki da murfin, yana ba abokansa labari. Ango ya miƙa hannu a hankali ya karɓa, ya buɗe da mabuɗi, ya mayar masa. Baba ya kurɓa, ya ci gaba da labarinsa, ko waiwayowa bai yi ba.