Manta-Uwa a Kurmin Sheme

Shekarar da kuɗin mai suka sa aka shiga fasa hanyoyi ko'ina, Inusa ya dawo Sheme da sabon babur da ɗaurin tsofaffin jaridu. Aikinsa a jami'a tattara tsirrai ne. Ya ciro, ya danne cikin jarida, ya rubuta inda ya samu da sunan wanda ya ciro. 'Yan gari suna ta tsiya, wai an sha boko shekara goma sha shida don a tsinci ciyawa.

Abu guda ya kawo shi. A kurmin bayan gari akwai tsohuwar kanya, a jikinta manta-uwa ta yi gida, tsiron nan da ba ya taɓa ƙasa, mai fure rawaya da ɗige-ɗige. Saura kwana biyu katafila ta share kurmin.

Mahaifiyarsa Larai, wadda ba ta da kowa sai shi, ta dakata da tankaɗe da ta ji.

"Wannan ta masu yaye ce. Ba a cire ta sai an faɗi sunan yaron da ake so shi manta uwatai. Kai wa za ka yaye?"

"Inna, karatu ne kawai."

"Ita ba ta san karatu ba."

Ya yi dariya, ya ce ta ajiye masa tuwo.

Rana ta yi ja lokacin da ya hau kanyar. Kurmin yana warin danshi da ruɓaɓɓen ganye, kwaɗi suna ta kuka. Ya auna furen, ya ƙirga, ya zana a littafinsa. Sannan ya sa wuƙa.

Kwaɗin suka yi tsit.

Wani ƙamshi ya taso, na nono da ɗumin zanen goyo. A reshen da ke samansa wani abu ya gyara zama, amma ko ganye bai motsa ba.

"Sunan wa?"

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tada jariri. Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi.

"Sunan wa?"

Yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannunsa, suna matsewa. Shekara shida yana amsa wannan tambayar a ƙasan kowace takarda. Baki ya riga hankali.

"Inusa."

"To," in ji muryar, cikin tausayi.

Aka sake shi. Ya faɗo, ya miƙe da gudu, furen a hannu.

Ana sallame magariba ya iso gida. Ya gane zauren, ya gane rumbu. A tsakar gida wata tsohuwa ta taso da sauri tana cewa, "Jini ne a hannunka?"

Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi.

"Sannu, Iya. Ko masu gidan suna nan?"

Ta dubi furen, ta dube shi. Ba ta yi kuka ba. Ta je ta ɗauko masa tuwonsa.

Katafila ta share kurmin a ranar da aka sa. Furen yana nan a jami'a, manne a takarda, da sunan Inusa a ƙasa. An kai Inusa wajen malamai da likitoci, kowa ya ce lafiyarsa lau. Larai ta ƙara shekara tara a duniya, kuma baƙin cikin bai taɓa sakinta ba. Duk zuwansa sai ta tare shi a zaure ta ce, "Ni ce Larai, ni na haife ka."

Shi kuwa ya durƙusa ya ce, "Allah sarki. Sannu, Iya."