Akwatin da Amarya Ta Ƙi Buɗewa

"Innalillahi! Auta, fito ka ga abin da matarka take yankawa a gidan nan!"

Muryar Yaya ce, babbar yayar Auta mijin Amarya, ta cika tsakar gida da hantsi. Amarya ta ajiye tsinken aikinta ta fito.

Shekara biyu da aurenta, har yau Amarya ake ce mata. Sana'arta haɗa akwatunan ado masu fuskar gilashi. Takan jera abin tunawa a ciki, takalmin jariri ko zobe ko hoto, sai ta yanka rubutu a sitika da ɗan injinta ta manna a gilashin. To, in an ɗauke haruffan, ledar da ta rage takan fito da gurbinsu, ana karantawa tsaf. Irin wannan ledar ce Yaya ta tono a kwandon shara, don ita dama ba ta wuce kwandon mutane ba ta leƙa ba.

Ta ɗaga ledar a rana tana karantawa da ƙarfi: "Na yi fushi, amma ban daina sonka ba."

Auta ya tsaya cak a bakin ƙofa. "Yaushe muka yi faɗa, ni da ke?"

"Oda ce," in ji Amarya. "Ta kwastoma."

"Kwastoma!" Yaya ta tafa hannu. "Duk akwatin da kika gama sai kin ɗora hotonsa a waya, har mun gaji da gani. Ina na wannan? Kuma me ya kai shi cikin wardirob, a kulle, ƙarƙashin zannuwa? Ƙanena, biri fa ya yi kama da mutum!"

"Buɗe mu gani," in ji Auta.

"Ba zan iya ba. Amana ce."

"Haba, don Allah. Ki buɗe kawai, magana ta wuce."

Hawaye suka zubo mata. Tana son mutumin nan kamar ranta, kuma kalma ɗaya ta isa ta wanke ta. Amma wadda ta ba ta aikin ta riƙe hannunta ta sa ta yi alkawari. Ta girgiza kai, ta ƙi yarda idonta ya kai kan tabarmar da Inna, surukarta, take zaune tana jan carbi. Tun da Inna ta baro gidan Baba, mahaifin su Auta, cikin fushi shekara goma da suka wuce take zaune da autanta, ta kuma hana a ambaci tsohon a gabanta.

Auta ya share fuskarsa. "To, ki je gida. Sai na neme ki."

Amarya ta juya. Ta shiga ta ɗauko mayafinta da jaka. Har ta kai ƙofa.

"Ajiye jakar nan, 'yata." Inna ce, carbin ya faɗi daga hannunta. "Ɗauko akwatin."

Amarya ta ɗauko shi naɗe cikin zane, ta yaye. Tsohon agogo ne a ciki, mai tsagaggen gilashi, da hoton wani saurayi yana dariya.

"Wannan ai... agogon Baba ne, da hotonsa yana saurayi!" Yaya ta dafe ƙirji. "Inna! Ke da kika ce ko sunansa..."

"Ni na ce. Ni kuma na sa ta yi." Inna ta fashe da kuka. "Kunyarku nake ji. Ina zaune ina kallo za a kashe wa yarinya aure saboda girman kaina, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba, don kar ta tona ni."

Yaya ta saki ledar ta sunkuyar da kai, abin da ba a taɓa gani ba. Auta ya durƙusa a gaban matarsa. "Ki yafe mini. Wallahi na ji kunya."

"Ya wuce," ta ce, tana share ido. "Amma a daina tona mini shara."

Da la'asar Auta ya naɗe akwatin ya kai wa Baba da hannunsa. Bai daɗe ba ya dawo, tsohon na biye da shi, ya sha sabuwar hula, yana ta gyaran murya a bakin ƙofa.

Zargi yakan rushe gida kafin a gama tambaya. Mai riƙon amana kuwa, ko ya sha wuya, ba ya taɓewa. Amarya ta yarda ta rasa aure ɗaya don ta cika alkawari, sai Allah ya bar mata nata, ya kuma gyara wani ta hannunta.