Baiti Na Uku

"Ina tarin?"

Mai situdiyo ya zare abin jin sauti daga kunnensa, ya juyo da kujera. "Wane tari, ƙanwata?"

"Tarinsa. Bayan baiti na biyu ya yi tari sau uku. Ni na riƙe masa gorar ruwa."

"Na share. Aikinmu ke nan, ana cire numfashi da tari, waƙa ta fita tas."

"Baiti na uku fa?"

Ya sosa ƙeya. "Shi ma ya ɗan yi nauyi..."

Ta tsaya tana kallon allon kwamfutar, inda muryar Tsinke ta koma wasu layuka kore. Wata biyu ke nan da binne shi. Yana raye, masu sauraron gambararsa ba su cika aji ɗaya ba. Da ya mutu sai ga aminai ta ko'ina, kowa da hoton da suka ɗauka tare.

Da rana Tsinke yana aiki a kamfanin narka tsoffin batura, da yamma ya zo nan ya yi waƙa. Ita kuwa 'yar likitan kamfanin ce, tana jera katunan ma'aikata a asibitin babanta. A asibitin suka haɗu. Ya shiga wajen likita yana tari, ya fito yana tari, da takarda a hannu mai hatimin "lafiya ƙalau".

Ya ɗora mata takardar a kan tebur. "'Yar Likita, adana min wannan. Da ita zan zo neman aurenki."

"Wa ya ce maka ina sonka?"

"Katina ne a saman na kowa. Kullum."

Ta yi sauri ta tura katin ƙasa. Ya yi dariya har ta sarƙe shi.

Da maganar ta je gida, Mama ta ce mawaƙi ba miji ba ne, rediyo ne mai cin abinci. Baba bai ɗaga kai daga jarida ba.

"Yaron nan ba shi da lafiya," ya ce. "Ba zai kai shekara biyu ba."

"Baba, kai ka buga masa hatimi."

"Wancan ofis ne. Nan gida ne."

Baba likita ne mai ƙwarewa. Wata goma sha tara Tsinke ya yi.

Waƙar ƙarshe layi-layi ya ɗauke ta, domin numfashinsa ba ya kai layi biyu. Ya faɗi ɗaya, ya zauna, ta ba shi ruwa, ya tashi. Ranar da aka gama ya jingina da kafaɗarta, ba nauyin komai.

"Zuciyata, baiti na uku da babanki nake."

"Na ji."

"In kin ce a cire, a cire."

"Tsinkena, yi shiru ka huta..."

"In kuwa kin bar shi, ki bar shi da tarin. Kar su yi min kwalliya."

Yanzu ga mai situdiyo ya yi masa kwalliyar. Ya sassauta murya, irin ta mai ba da shawara don Allah. Kamfanin, in ji shi, ya yarda ya ɗauki nauyin taron tunawa da marigayi, da fitilu da manyan lasifika. Abu ɗaya kawai suka roƙa: a cire baiti na uku.

"Kuma ki duba, mahaifinki ne fa. So kike a kore shi? Ki tona wa gidanku asiri saboda wanda ya riga ya tafi?"

Ta fita ta zauna a matakalar bene, rana na dukan ƙafafunta. Ainihin waƙar na cikin wayarta, Tsinke ya tura mata tun ranar. Ta saurari wurin sau ɗaya.

*Hayaƙi a ƙirji, hatimi a takarda,*
*Likita ya ce ƙalau, kabari ya ce ƙarya.*

Ta tuna Baba yana koya mata keke, yana gudu a bayanta da silifas ɗaya. Sannan ta danna, waƙar ta hau intanet.

Da ta koma gida ta haɗa kayanta a jaka, ta tura ƙarƙashin gado, ta zauna jiran kora.

Waƙar ta tashi kamar wutar kara. Cikin mako guda tana kowane shago, kowace motar haya. Wani mai haɗa kiɗa ya yanko tarin nan uku ya mayar da shi ganga. Aka ƙirƙiro masa rawa: hannu a ƙirji, a duƙa sau uku, a juya. 'Yan mata suka yi, 'yan ƙwallo suka yi, har ma'aikatan kamfanin suka yi a bakin ƙofa da kayan aikinsu, hayaƙin na tashi a bayansu gwanin kyau. Kamfanin ya fitar da sanarwa cewa yana alfahari da basirar tsohon ma'aikacinsa. Mai situdiyo ya shiga rediyo ya ce shi ya dage a bar baiti na uku.

Mama ta daina yi mata magana. Baba kuwa yana fita da safe, ya dawo da yamma, ba wanda ya kira shi, ba wanda ya tambaye shi komai.

A mako na uku ta kasa haƙuri. Ta same shi a falo yana yanke farce.

"Baba, ka ji waƙar?"

"Na ji."

"Ni na sake ta."

"Na sani." Ya hure yatsansa. "Yaron ya iya tsara magana, Allah ya jiƙansa."

Ta jira. Ta so ya mare ta, ko ya yi kuka, ko ya nuna mata ƙofa.

"Waƙar ta yi wa kamfanin suna," ya ce. "Gobe za a ɗauki sabbin ma'aikata arba'in, duk sai na duba su. Ki goge min farar rigata, ki fito da sabbin katuna."

Ta je ta jona dutsen guga, ta tsaya jiran ya yi zafi.